Gizo a dandalin wasa: abin da ya haɗa Samaru da gaɓar tekun Ghana

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san Gizo da Ƙoƙi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, Gizo yana da takwara a kudancin Ghana, wanda Akan ke kira Ananse. Shi ma gizo-gizo ne mai wayo da kwaɗayi. Bayin da aka kwasa daga gaɓar tekun sun ƙetara da labarinsa har Jamaika, inda ake ba da shi har gobe.

A 1975 marubuciyar Ghana Efua Sutherland ta wallafa wasan kwaikwayo mai suna The Marriage of Anansewa, wato auren Anansewa. A ciki ta ɗauko Ananse daga tatsuniyar kaka da kakanni ta mayar da shi magidancin wannan zamani, wanda kuɗin makarantar 'yarsa suka gagare shi. Sai ya yi wa sarakuna huɗu alkawarin aurenta, yana karɓar kyautar kowannensu. Da asiri ya kusa tonuwa, ya ce yarinya ta rasu. Daga saƙonnin ta'aziyya aka gane wanda ke sonta tsakani da Allah.

Wasan yana da mai ba da labari, ana kuma katse shi da waƙoƙin da 'yan kallo ke amsawa, kamar dai tatsuniyar dare.

A shekarar ce kuma Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari. Dandalin da Steven Ehrlich ya zana wa jami'ar ginin ƙasa ne, da ɗakuna kewaye da fili irin na tsakar gidan Bahaushe. Daga nan malamai da ɗalibai suka riƙa fita unguwannin Samaru da ƙauyuka irin su Bomo, suna shirya wasa a kan matsalolin mutanen wurin.

Dabarar ɗaya ce a wuraren biyu: a bi hanyar da jama'a suka saba jin labari, a gaya musu abin da ke da nauyin faɗa kai tsaye. Ɗan kasuwar da bashi ya sha wa kai, ko ma'aikacin da albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, zai yi wa Ananse dariya. Amma tambayar da wasan ya aje tasa ce: idan talauci ya matsa, uba zai iya mayar da auren 'yarsa jari?