Ƙwayar wake a bawul ɗin taya: rikicin manyan motoci a biranen Turai

A biranen Turai an ɗauki shekaru ana takun-saƙa tsakanin masu manyan motoci, irin waɗanda ake kira kat-kat a nan Nijar, da wasu masu fafutukar kare yanayi da ke bin dare suna sace musu iskar taya. Jama'a da yawa sun ƙi jinin wannan aiki, kuma suna da hujjarsu. Amma ra'ayin da ke bayansa, wanda aka fara yi wa dariya, ya riga ya shiga tsarin harajin ƙasar Faransa da dokokin birnin Paris. Labari ne da ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikaci su saurara, domin yana nuna cewa ra'ayi daban, hanyar bayyana shi kuma daban.

Yadda abin ya fara

A shekarar 2007 ne wasu matasa a birnin Stokholm na ƙasar Suwidin suka fara shiga unguwar masu hannu da shuni cikin dare, suna sace iskar tayoyin manyan motoci, suna barin takarda a gilashin gaba mai bayyana dalilinsu. Ɗaya daga cikinsu, Andreas Malm, daga baya ya zama malamin jami'a, ya kuma ba da labarin a wani littafi da ya fito a 2021. A watan Maris na 2022 abin ya sake kunno kai a Birtaniya, ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna Tyre Extinguishers, wadda ba ta da ofis, ba ta da shugaba sananne. Cikin ƴan watanni ya bazu zuwa Faransa, Jamus, Suwizalan da Amurka.

Dabararsu ba ta buƙatar wuƙa ko ƙusa. Mutum zai kwance murfin bawul, ya saka ƙwayar wani ɗan ƙaramin wake a ciki, ya mayar da murfin ya ɗaure. Ƙwayar ta danne bakin bawul ɗin, iska ta riƙa fita sannu a hankali, kafin gari ya waye taya ta kwanta. Ƙungiyar ta yi iƙirarin cewa a dare ɗaya tak, a ƙarshen Nuwamba na 2022, ta yi wa motoci kimanin 900 haka a ƙasashe daban-daban. Burin da ta bayyana a fili shi ne mallakar babbar mota a cikin birni ya gagari kowa. Ko mai aiki da lantarki ba ta tsira ba, muddin girmanta ya kai.

Abin da alƙaluma suka ce

Tun kafin waɗannan matasa su yi suna, Hukumar Makamashi ta Duniya, mai hedikwata a Paris, ta riga ta faɗi maganar da masu sayar da motoci ba sa son ji. A 2019 ta bayyana cewa daga 2010 zuwa 2018, idan aka ɗebe tashoshin samar da lantarki, babu abin da ya ƙara wa duniya hayaƙin karbon mai ɗumama yanayi kamar waɗannan manyan motoci. Sun zarce manyan masana'antu, sun zarce jiragen sama a yawan ƙarin. Dalilin a sarari yake. Mota mai nauyi da tsayi tana buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ta motsa, iska kuma tana dukan ƙirjinta idan tana gudu, don haka takan sha mai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu fiye da matsakaiciyar mota.

A 2023, in ji hukumar, kashi 48 cikin 100 na sabbin motocin da aka sayar a duniya irin waɗannan ne, yawansu a kan hanya ya haura miliyan 360, hayaƙin da suka fitar a shekarar kuma ya wuce tan biliyan 1. Da a ce ƙasa guda ce, da ita ce ta biyar a jerin masu gurɓata iska.

Ban da hayaƙi akwai batun rai. Ƙaramar mota idan ta buge mai tafiya a ƙasa, yawanci a ƙafa take samunsa, ya faɗa kan murfin inji. Mai dogon gaba kuwa a ƙirji ko a kai take duka, sau da yawa ta bi ta kansa, kuma direbanta ba ya iya hango ƙaramin yaro da ke dab da gabanta. Wata cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka ta gano a 2023 cewa motar da tsayin gabanta ya wuce mita 1 ta fi mai gajeren gaba haɗarin kashe mai tafiya a ƙasa da kimanin kashi 45 cikin 100. A Satumba na 2019 wata babbar mota ƙirar Porsche ta hau gefen titi a tsakiyar birnin Barlin ta kashe mutum 4, har da yaro ƙarami, abin da ya tayar da muhawara mai zafi a Jamus. Sannan ga batun wuri: wani bincike na 2024 ya nuna faɗin sabbin motocin Turai yana ƙaruwa da santimita 1 duk shekara biyu, alhali titunan tsofaffin birane suna nan yadda kakanni suka bar su.

Inda masu fafutukar suka ɓata rawarsu da tsalle

Gaskiyar alƙaluma ba ta wanke aikin dare ba. Wanda ya kwance bawul da ƙarfe 2 na dare bai san ko wane ne mai motar ba, bai san abin da safiya za ta kawo masa ba. Ƙungiyar takan gargaɗi mutanenta da su ƙyale motocin naƙasassu da na masu sana'ar hannu, amma a cikin duhu mota ba ta faɗin ko likita ne zai shige ta da asuba, ko mai jinyar tsohuwa, ko magidancin da matarsa ke kan gwiwa. Idan ruwa ko iska ya ɗauke takardar gargaɗin, direba zai iya hawa titi da tayar da ba ta da isasshiyar iska, kuma duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari ya san abin da hakan kan jawo. Ƴan sanda a Birtaniya da wasu ƙasashe sun ɗauki aikin a matsayin laifin ɓarnata dukiya.

Akwai kuma hasarar da ta shafi manufar kanta. Mutumin da ya tashi ya tarar da motarsa a ƙasa ba ya tsayawa nazarin rahoton wata hukuma. Fushi yake yi, maƙwabtansa su taya shi, jaridu su ɗauka. Sai muhawara ta bar nauyin mota ta koma kan tarbiyyar matasa. Kamfanonin da ke ƙera motocin, waɗanda ribarsu a kan babba ta fi ribarsu a kan ƙarama, kuma suke kashe maƙudan kuɗi wajen tallata ta, babu abin da ya taɓa su. Hausawa sun ce jifa ta wuce kan kowa, ta faɗa kan mai tsautsayi.

Hanyar rana tsaka

Abin da ya sauya al'amura a zahiri ta ƙofar gaba ya shigo, kuma sai da aka yi tuntuɓe. A Nuwamba na 2018 ƙarin harajin mai da gwamnatin Emmanuel Macron ta shirya, da sunan kare yanayi, ya fito da dubban ɗaruruwan mutane kan tituna, waɗanda aka sani da masu rigunan rawaya. Kukansu shi ne harajin ya fi cin talakan karkara da ba shi da jirgin ƙasa ko bas, kuma dole ya tuƙa tsohuwar motarsa zuwa aiki. Gwamnati ta janye ƙarin a Disamba. Daga nan aka zaɓo ƴan ƙasa 150 ta hanyar ƙuri'a, aka ɗora musu neman mafita. Cikin shawarwarin da suka miƙa a 2020 har da sanya haraji a kan nauyin mota, daga kilo 1.400 zuwa sama. Gwamnati ta sassauta, ta fara daga kilo 1.800 a 2022, kowane kilo da ya ɗaru a biya yuro 10 ranar rajista. A 2024 aka sauko da iyakar zuwa kilo 1.600.

Birnin Paris ya bi tasa hanyar. Ranar 4 ga Fabrairu na 2024, magajiyar garin a lokacin, Anne Hidalgo, ta kira mazauna birnin su kaɗa ƙuri'a kan ninka kuɗin ajiye manyan motoci a bakin titi har sau uku. Kashi 54,55 cikin 100 suka amince. Daga 1 ga Oktoba na 2024, motar mai da ta wuce tan 1,6, ko ta lantarki da ta wuce tan 2, ta fara biyan yuro 18 a kowace awa a tsakiyar birni, wato kusan jika 12 na sefa, da yuro 12 a unguwannin gefe. Awa shida a tsakiyar gari ta kama yuro 225, abin da ya haura jika 147. An keɓe ƴan tasi, masu sana'a, ma'aikatan lafiya, naƙasassu, da mazauna unguwa idan a unguwarsu suka ajiye. Birnin Liyon ma ya shigar da nauyin mota cikin lissafin kuɗin ajiya a wannan shekara.

Wannan hanya ma ba ta rasa abin suka ba. Cikin masu rajista kimanin miliyan 1,3, mutum 78.000 kawai suka fito, ƙasa da kashi 6 cikin 100. Ƴan adawa sun ce ƴan tsiraru ne suka yanke wa kowa hukunci, kuma mutanen bayan gari, waɗanda kuɗin ya fi shafa, ba su da ƙuri'a a zaɓen. Wasu sun ƙara da cewa attajiri zai biya ya wuce abinsa, mai iyali da yawa ne zai ji a jika. Duk da haka akwai bambanci babba. Doka an san wanda ya kafa ta, an san wanda ta keɓe, ana iya kai ta kotu, ana iya kayar da masu ita a zaɓe mai zuwa. Wanda aka sace wa taya kuwa ba shi da wurin kai ƙara sai wajen mai faci.

Shin aikin daren ne ya share wa dokar hanya? Masu yi suna cewa su ne suka sa maganar a bakin jama'a. Amma jerin shekarun ya nuna rahoton 2019 da shawarar ƴan ƙasa ta 2020 sun riga ƙungiyar Birtaniya haihuwa, harajin nauyi kuma ya fara aiki wata biyu kafin ta sace tayarta ta farko.

Abin da ya shafi Nijar

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram zai iya cewa wannan faɗan ƙoshi ne na Turawa. Ta wani gefen yana da gaskiya. Hayaƙin karbon da ɗan Nijar guda ke fitarwa a shekara bai wuce kimanin kilo 100 ba, alhali na Bafaranshe ya haura tan 4. Tun da lita ɗaya ta fetur tana ba da kimanin kilo 2,3, rabon ɗan Nijar na shekara guda bai cika tankin Land Cruiser ɗaya ba. Kuma wanda zai tashi daga Agadas zuwa Bilma cikin rairayi, ko motar asibiti da za ta ɗauko mai naƙuda daga ƙauye a tsakiyar damina, kat-kat a wurinsu kayan aiki ce kamar raƙumi ga Buzu.

Sai dai iska ba ta san iyakar ƙasa ba. A daminar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi sama da miliyan 1, jihar Maraɗi ta fi kowace ɗanɗana kuɗa, tsohon masallacin Damagaram da aka gina tun ƙarni na 19 ya rushe a watan Satumba. Masana sun tabbatar da cewa ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan saman wannan shekara ƙarfi. Wanda bai ci nanin ba, nanin ta ci shi.

Hanya ta biyu kasuwa ce. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 nasu kuma Afirka suka nufo. Abin da Bature ya saya sabo yau, shi ne dillali zai sauke a tashar jiragen ruwan Lome ko Kwatano bayan shekara goma ko sha biyar. Idan rabin sabbin motocin duniya manya ne, to gobe ma'aikacin da ke neman ƙaramar mota mai sauƙin sha zai tarar da zaɓinsa ya ragu, kuma kuɗin mai da na taya da na kayan gyara daga albashinsa za su fito. Ɗan kasuwar da ke shigo da motoci ya kamata ya sa wannan a lissafinsa tun yanzu.

Akwai kuma tambayar da ba a cika son yi ba a majalisun hira na Yamai da Tawa: cikin manyan motocin da ke cika ƙofar ma'aikatu da wuraren ɗaurin aure, guda nawa ne suka taɓa sauka daga kwalta? Idan ta gwamnati ce, baitulmali ne ke zuba mata mai. Idan ta mutum ce, kuɗinsa ne, amma titin da take bi na kowa ne, har da ɗan makarantar da tsayinsa bai kai fitilarta ba.

Wanda ya yi wannan tambaya a bainar jama'a, wataƙila a ce masa mai hassada. Haka aka riƙa ce wa masu irin wannan magana a Turai shekaru ashirin da suka wuce. Waɗanda suka zo da alƙaluma, suka tsaya da sunansu a gaban majalisa da akwatin zaɓe, sun samu doka, ko da ba cikakkiya ba ce. Waɗanda suka zaɓi duhun dare sun samu suna a jaridu da ƙiyayyar maƙwabta. Gaskiya ɗaci gare ta, amma mai ita ya fi samun masu saurare idan ya faɗe ta da rana, fuskarsa a buɗe.