Kahin ɗari ya kankama, a gyara gaban murhu

Da zarar watan Disamba ya kama, iskar hunturu ta taso, zana da jinka da kara suka bushe ƙayau, to lokacin gobara ya zo. Sau da yawa ba daga nesa take tasowa ba. Bakin wuta guda ne kan zame daga murhu ya hwaɗa bisa tabarma, kahin a ɗebo ruwa hatsin shekara ya zama toka.

Murhun laka na Albarka da na ƙarhe Mai Sauƙi, waɗanda aka yaɗa cikin Nijar a shekarun 1980, suna rage cin itace, suna kuma tsare harshen wuta. Amma ƙohwar da ake tura itace a buɗe take. Saboda haka wajibi ne a gina dandamali gabanta.

Da hwarko a yi awo. Ƙa'idar masu kashe gobara ta ƙasar Amurka ta ce daɓen da ba ya ƙonewa ya zarce murhu da wajen santimeta 45 ta kowane gehe, a kuma bar tazarar santimeta 90 tsakanin murhu da bangon da wuta ke ci. Wannan awo ya dace da zanarmu.

Sai a share wurin, a shimhiɗa rairayi, a jera gasasshen tubali ko busassun duwatsu masu hwaɗi, a cike tsakaninsu da laka gauraye da rairayi. Wanda bai samu tubali ba, daɓen iyayenmu mata na tsakuwa da makuba ya wadatar. A ɗaga bakin dandamalin kamar yatsa uku domin ya tare garwashi, kuma kada a hura wuta sai ya bushe sarai.

A kiyaye abu biyu. Dutsen da aka ɗauko jiƙe daga gulbi yakan hwashe in ya sha wuta. Hwallen kwano kuwa, in an ɗora shi bisa katako, ba kariya ba ne: ƙarhe na wuce da zahi, itacen da ya daɗe yana gasuwa kuma ba ya wuyar kamawa.

Aikin yini guda ne, maigida. A yi shi tun yara ba su soma kewaye murhu suna jin ɗumi ba.