Kafin Ku Haɗa Kuɗi Ku Sayi Fili

Fili ya yi tsada a biranenmu, har mai ƙaramin albashi ba ya iya saye shi kaɗai. Shi ya sa mutane suka koma ga haɗa hannu. Malaman makaranta su goma su yi adashi, ko 'yan zumuntar mata su tara abin da suka samu, a sayi gona a bakin gari domin a yanka wa kowa fuloti. Dabara ce mai kyau. Amma mun lura da wani abu. Mutum ɗaya in zai sayi akuya sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora. Mutum goma kuwa in za su sayi fili, kowa yakan zaci wani ya riga ya bincika. Ma'aji yana zaton shugaba ya je, shugaba ya dogara ga dillali, dillali kuwa la'adarsa kawai yake jira.

Bari mu tuna da abin da doka ta ce. A shekarar 1978, a zamanin mulkin Janar Obasanjo, aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa a Nijeriya, har yanzu kuwa tana aiki. Bisa ga dokan nan, dukan ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna, yana riƙe da ita amana domin jama'a. Watau abin da muke saya ba ƙasar kanta ba ce, izinin zama ne a kanta, galibi na shekara 99. Filin da ke cikin birni gwamna ne yake ba da takardar shaidar mallakarsa, na ƙauye kuwa ƙaramar hukuma ce take ba da izini bisa ga al'ada. Mai takardar gwamna ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa sai da yardar gwamna. In ba a samu ba, doka ba ta san da cinikin ba, ko da an yi shi gaban shaidu ɗari.

To, ga inda da yawa suke faɗuwa. Mai fili ya fito da takarda mai hatimi, kowa ya karɓa ya jujjuya, ya ce madalla. Takardar da ke hannun mai sayarwa ba ta isa shaida ba, gama ana buga ta jabu. Mai yiwuwa ne kuma ta gaske ce, amma an riga an sayar wa wani, ko ana shari'a a kan filin. Labarin fili yana cikin fayil ɗinsa a ofishin ƙasa da safiyo. A Kano ana zuwa KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja kuwa AGIS. Sai ku zaɓi mutum biyu daga cikinku, ba ɗaya ba, su tafi tare da lauya. Su ba da lambar takardar, su biya kuɗin bincike, su karɓi rasit, su dawo da amsa a rubuce a karanta wa kowa. Nan za a ga sunan wanda yake riƙe da filin yanzu, da ko an jinginar da shi a banki, da ko ana bin sa kuɗin ƙasa. A wasu ofisoshin sai mai filin ya ba da yardarsa a rubuce kafin a buɗe fayil. In ya yi ta kawo dalilai, ku riƙe kuɗinku.

Gona ta fi wuya, domin da yawa ba su da fayil. Sai a nemi ma'aunin ƙasa mai lasisi ya auna, ya kai ofishin safiyo a ɗora a kan taswirar gwamnati. Wataƙila an daɗe da karɓe wurin domin hanya ko makaranta, an biya manomi diyyar amfanin gonarsa, ga shi yana so ya ci sau biyu. Ran da motar rusau ta zo, ba wanda zai saurari kukanku. Ku gaisa da mai unguwa da dagaci, amma kada ku tsaya nan. Ku tambayi maƙwabtan iyaka, su ne suka san wanda yake noma wurin tun da daɗewa. In gonar gado ce, ku tambaya ko an raba, ku kuma ga sauran magada ido da ido, har da matan da suka yi aure a wani gari.

Saura magana guda, wadda kunya takan hana a faɗa. Sunan wa za a sa a takarda? Sau da yawa akan ce a sa na shugaba, ai mutumin kirki ne. Ba mu musa ba. Amma ran da ya rasu, 'ya'yansa za su tarar da takarda da sunan ubansu, su lissafta filin cikin gado, ba kuwa za a ce sun yi ƙarya ba. Gara ƙungiya ta yi rajista tukuna, ko a ofishin ƙungiyoyin gama kai na jiha, ko a hukumar CAC da sunan amintattu, domin takarda ta fito da sunan ƙungiya. Sa'an nan a rubuta yarjejeniya: nawa kowa ya zuba, wane fuloti ne nasa, yaya za a yi da wanda ya fasa ko ya kāsa cika kuɗinsa, wa zai gāji wanda ya mutu. Kowa ya sa hannu, ya tafi gida da kofe, ya nuna wa matarsa ko mijinta inda ya ajiye.