Daga motar kara zuwa jirgin kwal: me ya sa ƙaramin jirgin tururi ba ya aiki daidai da babba?

Idan ka tashi a Gwandu ko Kalgo, da wuya a ce ba ka taɓa ƙera motar kara ko ta gwangwani ba, ko aƙalla ka ga yara suna jan ta da zare bayan an gama girbi. To, a Ingila da Jamus da Amurka akwai manya masu furfura da wannan ne abin sha'awarsu, sai dai su jirgin ƙasa suke ƙerawa da ƙarfe da tagulla. Wasu nasu na lantarki ne, ƙanana ƙwarai, kashi 1 cikin 87 ko 1 cikin 76 na girman na gaske. Wasu kuwa jirage ne masu cin wuta da ruwa, suna tafiya a kan dogo mai faɗin inci 5 ko 7 da kwata, har su ja mutane zaune a bayansu.

Kafin mu je ga ƙanana, bari mu fara da babban. Kan jirgin tururi tukunya ce a kwance bisa ƙafafu. Ana hura kwal a akwatin wuta, zafin ya bi ta bututu masu yawa da suka ratsa cikin ruwa. Ruwa idan ya zama tururi yana neman wuri da ya ninka nasa kusan sau 1,700. Tun da tukunyar a rufe take, sai matsi ya taru. Wannan matsin ne ke tura fistin gaba da baya, sandar ƙarfe kuma ta mayar da turin ya zama juyin ƙafa. Tururin da ya gama aiki yana fita ta bututun hayaƙi, yana janyo iska zuwa wuta, shi ne ƙarar "cuku-cuku" da tsofaffi ke ba da labari. Jirgin Rocket na gidan Stephenson, wanda ya ci gasar Rainhill a 1829, shi ya haɗa waɗannan dabaru wuri guda.

Me ya bambanta jirgin fasinja mai gudu da na kaya? Ka dubi ƙafafunsa. Jirgin tururi ba shi da giya irin ta mota, saboda haka girman ƙafa shi ne giyarsa. Mallard na Ingila, wanda ya kai kilomita 203 a awa ranar 3 ga Yuli, 1938, tsayin ƙafarsa ya ɗan haura mita 2. Juyi ɗaya yana cin kusan mita 6.4, ke nan a wannan gudun ƙafar na juyawa kusan sau 9 a daƙiƙa. Da ƙafar mita 1.2 gare shi, sai ta juya kusan sau 15, abin da zai jijjiga fistin da sanduna fiye da kima. Amma ƙaramar ƙafa ta fi ƙarfin jan nauyi, shi ya sa ake ba jiragen kaya ƙananan ƙafafu masu yawa. Har yau babu jirgin tururi da aka tabbatar ya wuce gudun Mallard.

A nan gida kuwa, ba don tsere aka shimfiɗa dogo ba. Layin Baro ya iso Kano a 1911, an fara haƙar kwal a Inugu a shekarun da suka biyo baya, reshen Zariya zuwa Gusau ya ƙare a Ƙaura Namoda a 1929, na Nguru kuma a 1930. Turawan mulkin mallaka gyaɗa da auduga da kuza da fatu suke so su kai bakin teku. Sai suka zaɓi dogo mai faɗin milimita 1,067, wanda ya fi arha kuma ya fi jure kwana, maimakon na 1,435 da Mallard ya bi. Jiragen da suka yi suna a nan, irin waɗanda aka kawo bayan yaƙin duniya na biyu aka raɗa musu sunayen koguna, masu ƙafafun ja takwas ne, an yi su don nauyi. Dogon bai taɓa isowa ƙasar Gwandu ba. Mutumin Kalgo da ke son shiga jirgi sai ya yi doguwar tafiya zuwa Gusau ko Ƙaura. Sai a 2016 aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna mai faɗin 1,435.

Yanzu ga tambayarmu. A ce ka rage jirgi sau 8 ta kowane ɓangare. Fatar tukunyarsa za ta ragu sau 64, wato 8 sau 8. Amma ruwan cikinta zai ragu sau 512, wato 8 sau 8 sau 8. Ka ga ke nan kowace lita ta ruwa tana da fatar da zafi zai tsere ta cikinta ninki 8 fiye da babban jirgi. Dalilin da shayi a ƙaramin kofi ke riga na babbar buta hucewa ke nan. Ga shi kuma ruwa da wuta da iska ba sa ƙanƙancewa don an ƙanƙanta jirgi. Ɗigon ruwa girmansa ɗaya ne, kwal kuma yana buƙatar iska iri ɗaya. Don haka maƙeran ƙananan jirage ba sa kwafar zanen babba kai tsaye. Sukan rage yawan bututun cikin tukunya su ƙara musu faɗi don kada toka ta toshe su, su naɗe tukunyar da abin riƙe zafi, su farfasa kwal ƙanana. Mai tuƙin ma ba ya hutawa, domin ruwa da wutar ƙaramin jirgi suna sauyawa cikin 'yan mintuna.

Abu ɗaya da ba ya raguwa shi ne haɗari. Matsin cikin ƙaramar tukunya yakan ninka na iskar da muke shaƙa sau da yawa, ruwan ciki kuma ya wuce digiri 100. Idan ta tsage, ruwan zai rikiɗe ya zama tururi nan take. Shi ya sa ƙungiyoyin masu wannan sha'awa ke gwada tukunya da matsin ruwan sanyi kafin a kunna mata wuta, kuma dole a sa mata bawul mai buɗewa da kansa idan matsi ya yi yawa. Don Allah, idan ka ga yaro ya toshe gwangwani mai ruwa ya ɗora a wuta don ya kwaikwayi abin da ya gani a waya, ka hana shi. Yana iya rasa ido.

Akwai gwajin da ba shi da haɗari. Ku ƙera motocin kara biyu, ɗaya da tayar murfin kwalba, ɗaya da ta murfin babban gwangwani. Ku sa alama a jikin kowace taya, ku ƙirga juyin da za ta yi daga bakin zaure zuwa ƙarshen tabarma. Lissafin da injiniyoyin Mallard suka yi ke nan, kuma ɗan firamare a Gwandu zai iya yin sa kafin a kira magariba.