Juya Ƙagaggen Labarin Kimiyya Zuwa Wasan Talabijin Mai Kashi-Kashi

Gabatarwa

Ƙagaggen labarin kimiyya shi ne wanda marubuci kan gina bisa hasashen abin da ilimin kimiyya da fasaha zai iya haifarwa, kamar tafiya sararin samaniya ko haɗuwa da halittun wata duniya. A adabin Hausa, misalin da aka fi ambata shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1969. A cikinsa ne yaro Kilba ya yi abota da Kolin Koliyo, suka yi balaguro a samaniya. Wannan darasi zai duba abin da ke faruwa idan aka ɗauki irin wannan littafi aka mayar da shi wasan talabijin mai 'yan kashi ƙididdigaggu. Wannan aiki shi masana ke kira baddalawa.

Dalilin Kasa Labari Kashi-Kashi

Fim guda ba ya cika wuce sa'a biyu zuwa uku, don haka dole a datse labari. Littafin Dune na Frank Herbert, wanda ya fito a Amurka a 1965, ya nuna haka. Da David Lynch ya mayar da shi fim a 1984, an dunƙule al'amura da yawa har waɗanda ba su karanta littafin ba suka sha wahalar bin zaren labarin. A shekarar 2000 John Harrison ya sake shirya shi don talabijin cikin kashi uku, warwarar jigo ta sami sarari.

A ƙasar Hausa ma an ga amfanin wannan tsari lokacin da NTA Kaduna ta juya Magana Jari Ce na Abubakar Imam a shekarun 1980. Ko da yake ba labarin kimiyya ba ne, zubinsa ya dace da talabijin, domin kowane labarin aku yana iya tsayawa da ƙafarsa.

Matsalolin Baddalawa

Matsala ta farko ita ce, littafi faɗa yake yi, talabijin kuwa nunawa take yi. Tunanin da ke zuciyar tauraro sai an mayar da shi magana ko aiki kafin mai kallo ya san da shi.

Ta biyu ita ce kuɗi. Marubuci kan ƙera jirgin samaniya da jimla guda, mai shirya wasa kuwa sai ya nemi maƙera, masu fenti, fitilu da gwanayen kwamfuta. A nan ne dabara ke maye gurbin dukiya. Alal misali, a unguwannin masana'antu na Kano, wato Bompai, Sharaɗa da Challawa, akwai manyan rumfuna da injuna na masana'antun da suka durƙushe saboda ƙarancin lantarki da kwararowar kayan waje. Mai hikima na iya mayar da irin wannan wuri cikin jirgi ko birnin wata duniya.

Ta uku ita ce amana. Wanda ya karanta littafi tun yana firamare ya riga ya zana kamannin Kolin Koliyo a zuciyarsa, kuma da wannan hoto zai auna abin da aka nuna masa. Ana iya sauya tsarin aukuwar al'amura, a haɗe taurari biyu, ko a ƙara fitowa, amma idan aka taɓa jigo, an ci amanar marubuci da masu karatu.

Kammalawa

Baddalawa sabuwar ƙirƙira ce mai dokokinta. Nasararta ita ce mai kallo ya tashi da saƙon da marubuci ya nufa, har ya yi sha'awar komawa ga littafin.

Aikin Yi

Zaɓi babi ɗaya daga Tauraruwa Mai Wutsiya, ka kasa shi fitowa uku, sannan ka bayyana abin da ka zubar da dalilinka.