Baƙin maiƙon da ke bayan tayar gaba

Duk mai tsohuwar Land Cruiser ko tsohuwar Hilux a Birnin Kebbi ko Argungu, in ruwa ya janye daga fadama, ya daure ya durƙusa ya leƙa bayan tayar gaba. A ƙarshen aksil zai ga wani ƙarfe mai santsi, zagayayye kamar bayan ƙwarya. In ɗan maiƙo kaɗan ya tarar a kansa, ba komai, haka aka ƙera shi. In kuwa ya ga baƙin abu ruwa-ruwa yana tsiyaya har cikin wili, yana wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, to kada ya sake ɗora iyalinsa a motar sai an buɗe wurin.

A kan motar yayana na koyi wannan. Land Cruiser ce samfurin 80, irin waɗanda Toyota ta ƙera daga 1990 zuwa 1997. Da ita yake kai taki da injin ban ruwa da 'yan aiki gonarsa ta shinkafa a fadamar da ke tsakanin Argungu da Augie. A daminar 2020, shekarar da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi, motar ta yi makonni tana ratsa ruwa har saman taya. Bayan nan sitiyari ya fara rawa in an taka kan kwalta. Aka yi balansin, aka yi alaimen, aka sauya tayoyi biyu, rawa tana nan. Wata rana a hanyar Birnin Kebbi, bayan mun wuce Ambursa, tayar dama ta faɗa rami, sai sitiyarin ya kama kaɗawa kamar zai fizge daga hannunsa, bai lafa ba sai da ya kusan tsayawa cak. Babu wanda ya ce uffan a cikin motar har muka shiga gari.

Wani dattijon bakanike muka kai wa. Bai ko tayar da injin ba. Ya lakato maiƙon da yatsa ya sunsuna, ya ce, "Alhaji, wagga ƙafa ta sha ruwa tun tuni."

Wurin da yake nufi shi makanikai ke kira nokul. Ni gwiwa nake ce masa, domin aikin gwiwa yake yi: shi ke ɗauke da taya, a kansa kuma take juyawa hagu da dama. Duk nauyin da ke kan wannan tayar yana kan wasu ƙananan boris guda biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kowanne ka iya rufe shi a tafin hannu. A cikin ƙwaryar akwai mahaɗin shaf da ake kira Birfield, sunan wani kamfanin Ingila, mai ƙwallayen ƙarfe shida, wanda ke kai ƙarfin injin ga taya ko da an karya kwana. Wannan ɗaki na giris ne. Maƙwabcinsa, cikin aksil, ɗakin man giya ne. Abin da ya raba su sil ne guda ɗaya na roba. Ranar da ya gaji, man giya ya tsallako ya narkar da giris ɗin, sai su haɗu su zama wannan baƙin kunu da ake gani a waje. Boris su koma gudu a bushe, aksil kuma mansa na raguwa ba wanda ya sani.

A ƙasarmu abin ya fi sauri. Aksil da ya yi zafi a kan hanya, in aka tsoma shi cikin ruwan fadama mai sanyi, iskar cikinsa takan tsuke ta zuƙo ruwa ta duk kafar da ta samu. Akwai wani ɗan hanci a saman aksil da aka yi don numfashi, laka kan toshe shi, kuma da wuya ka ga wanda ya tuna da shi. Da rani kuma sai rairayin hanyoyin wajen Kangiwa da Kamba ya manne a jikin maiƙon ya riƙa cin robar da soson da ke share ƙwaryar. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015, aka kuma buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017, tsofaffin motocin nan ba su da lokacin hutu, damina da rani suna fadama.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura. A ɗaga tayar da jak, a sa wani ƙwaƙƙwaran abin tokare, don jak kaɗai ba abin amincewa ba ne. A kama tayar sama da ƙasa a jijjiga. In an ji ƙwas-ƙwas, a sa wani ya taka birki a sake jijjigawa. In motsin ya ɓace, boris ɗin taya ne. In yana nan, na gwiwa ne. A kuma buɗe murfin man aksil na gaba: man da ya koma fari-fari kamar koko ya sha ruwa. Ƙarar ƙas-ƙas-ƙas a kwana, in an sa giyar jan gaba da baya, ita kuma Birfield ce ke kuka.

Inda aka fi cutar masu mota shi ne wajen gyaran. Wani zai ɗura giris ya wanke waje da fetur ya ce an gama. Mako biyu kunun ya dawo, wani lokaci har ya kai ga birki, birkin da ya sha mai kuwa ba ya kamawa. Dattijon nan ya ce mu bar masa motar kwana biyu, kuma ƙafa biyun zai buɗe, tun da ruwan da dama ta sha shi hagu ta sha. Na zauna na kalla. Ya shimfiɗa buhu, duk abin da ya cire ya jera shi a layi yadda ya fito. Babban notin taya, mai milimita 54, ya kwance shi da soket ɗinsa. Wanda ya buɗe kafin shi da kurfi da guduma ya yi, ga sara nan a jikin notin kamar an yi masa tsagar gado. Da ya ciro boris ɗin ƙasa na dama sai ya miƙo mini. Ya yi ja da tsatsa, zoben da yake gudu a kai ya yi ramuka a jere, ina murza shi ina jin yana tsalle daga rami zuwa rami.

Sai maganar shim, wasu siraran faifan ƙarfe kamar takarda da ke ƙarƙashin murfin boris. Yaron gareji kan zubar da su ko ya cakuɗa na hagu da na dama, alhali su ke ƙayyade taurin gwiwar. Ta yi sako-sako, sitiyari ya yi rawa. Ta yi tauri, sababbin boris su mutu da wuri. Dattijon ya ɗauko sikelin ƙugiya irin na masu awon kifi, ya maƙala a hannun sitiyarin da ke jikin gwiwar ya ja a hankali yana duba lamba. Ga samfurin 80 littafin Toyota ya ce kilo 2.5 zuwa 4.5. Sau uku yana kwancewa yana sauya shim kafin ya yarda. Giris ma iri biyu ya sa: baƙi mai sinadarin moli a cikin Birfield da ƙwaryar, bai kuma cika ta taf ba, sannan na boris daban ga taya.

Abin da ya fi ba ni tsoro kusoshi huɗu ne. Su ke riƙe hannun sitiyari a jikin gwiwa, kowacce da wata washa mai siffar mazurari. In suka saki, ɗaya bayan ɗaya suke karyewa, ranar da ta ƙarshe ta tafi direba zai juya sitiyari taya ba ta bi ba. A motarmu biyu sun riga sun saki, ɗaya da yatsa ya juya ta. Kada a yarda a yi musu walda. Kada a yarda a gasa hannun sitiyari da wuta don a miƙar da shi, wuta na kashe ƙarfin ƙarfen. A sa sababbi, a ɗaure da sifana mai awo.

Wajen sayen kaya, ana iya ɗaukar ƙwaryar gwiwa ko shaf na Beljiyam in an duba babu tsaga. Sil da boris da washar kulle noti kuwa sababbi za a saya. Boris masu sunan Koyo sun cika kasuwa, na gaske da jabu, don haka a tafi da bakaniken, kuma a nemi ya ba da tsofaffin da ya cire. Masu Hilux na zamani, daga 2005 zuwa yau, ƙafar gabansu dabam ce, ba ta da wannan ƙwarya. Su robar shaf da boljoyin za su riƙa dubawa, robar in ta yage rairayi ya samu ƙofa.

Da muka zo ɗaukar motar, dattijon ya jona wa hancin aksil ɗin dogon tiyo ya ɗaure bakinsa can sama kusa da injin, inda ruwa ba ya kaiwa. Ya ce wa yayana, "Alhaji, bayan sati guda ka maido ta in sake taɓa kusoshin nan, ba ka biyan komi. Kuma duk randa ta shiga ruwa ya wuce rabin taya, ka buɗe man aksil ka duba kamin ka kwana." Da yayana ya mayar da ita, kusa ɗaya a hagu ta ƙara karɓar ɗauri kaɗan.