Ma'aunin da ba a gani a gashin ciwon daji

Mai ciwon daji daga Madawa, Buza ko Keita, idan likita ya ce sai an yi gashi, Yamai zai nufa, domin a can ne aka buɗe cibiyar gashi ta farko a Nijar a 2021, da tallafin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Na'urar takan harba masa haske mai ratsa jiki, ana aunawa da ma'auni mai suna girai, galibi girai 2 a rana har makonni. Ƙa'idar likitoci ita ce kada kuskure ya wuce kashi 5 cikin 100. In ya gaza, ciwo ya tsira. In ya zarce, lafiyayyen nama ya ƙone.

Wani ɓangare na wannan ilimi daga ɗan faranti ya fito. A 1956, Theodore Puck da Philip Marcus a Amurka sun haska ƙwayoyin ciwon daji da suka raina a faranti, suka ƙirga waɗanda suka rayu har suka hayayyafa. Har yau haka ake gwada magungunan da za a haɗa da gashi.

Matsalar tana nan: abin da aka rubuta a takarda ba lallai ne shi ya isa ga ƙwayoyin ba. Nisa ya ninka, ƙarfin hasken ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Zurfin ruwan da ƙwayoyin ke kwance a ciki, murfin farantin, kai har abin da aka ɗora shi a kai, duk suna sauya lissafi. Kobal-60 kuwa, sinadarin da ke fitar da hasken a wasu na'urorin, rabin ƙarfinsa ke tafiya a cikin shekara biyar da 'yan watanni, wato kusan kashi 1 cikin 100 kowane wata. Mai binciken da bai sabunta lissafinsa ba tamkar ɗan kasuwa ne mai awo da lotsattsiyar tiya, yana rantsuwa ta cika.

Asibitoci suna da mai bin sawunsu: tun 1969 hukumar nukiliyar nan da Hukumar Lafiya ta Duniya ke aika musu ƙananan ma'aunai ta gidan waya, a haska, a mayar a duba. Ɗakunan binciken ƙwayoyi da yawa ba su da irin wannan bin sawu, kuma a ganina duk rahoton da bai faɗi yadda aka auna hasken ba, bai kamata likita ya dogara da shi ba.